Ganuwar Kano da Al'adar Yaɓe

Kamar yadda littafin Tarihin Kano ya nuna, Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwar birni, ɗansa Tsaraki ya kammala ta. Daga baya Muhammadu Rumfa (1463-1499) da Muhammadu Nazaki (1618-1623) suka faɗaɗa ta. To, abin tambaya shi ne, yaya aka yi ginin ƙasa ya shafe ƙarni takwas a tsaye, alhali kowace damina tana cin rabonta?

Amsar ita ce yaɓe. Da zarar ruwa ya ɗauke, sai a yi gayya, a haƙo ƙasa daga kududdufai a kwaɓa, magina su cike inda ya zaizaye. Yaro yana miƙa tubali, yana koyon sana'ar ubansa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ganuwa ta daina zama garkuwar yaƙi, gayyar kuma ta mutu. Aka riƙa ɗibar ƙasarta ana gini, aka cike kududdufai. Wasu ƙofofin, kamar Ƙofar Na'isa a 2010, aka rushe su aka sake ginawa don faɗaɗa titi.

A 2007 ganuwar ta shiga jerin share fage na hukumar UNESCO. Sai dai takarda ba ta yaɓe. Wajibi ne manazarta su zauna da tsofaffin magina, su rubuta yadda ake zaɓen ƙasa da haɗa makuba, hukuma kuma ta ware kuɗin gyara kowace kaka. Malaman makaranta kuwa su kai ɗalibansu su ga abin da ya rage, tun masu ba da labarin suna raye.