Dodon tatsuniya da labaran ban tsoro na Turawa

Yau a kan Dodo zan yi magana.

Turawa suna da wani irin labari na ban tsoro da suke kira gotik: tsohon gida, duhu, ɗakin da aka kulle, da mijin da ba a san asalinsa ba. Akan ce ya faro ne da littafin Horace Walpole na 1764 a Ingila. Amma in ka duba da kyau, ƙashin bayansa tatsuniya ce. Charles Perrault na Faransa ya buga ta Mai Shuɗin Gemu a 1697, wanda ya hana amaryarsa buɗe ɗaki ɗaya, ta buɗe ta tarar da gawarwakin matansa na baya. A 1979 Angela Carter ta sake ɗinka wannan tatsuniya a The Bloody Chamber.

To wa ya tashi a gidan Bahaushe bai ji irinta ba? Yarinya ta ƙi samarin garinsu, baƙo kyakkyawa ya zo ta bi shi, suna shiga daji ya rikiɗe. Bambancin da na gani shi ne namu a kan ce ƙurunƙus, yara su kwanta. Nasu marubucin da gangan yake barin ka da fargaba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne a ƙasar nan tamu aka tara wasu daga cikinsu. Wani Baturen mulki, Tremearne, ya yi aiki a Jama'ar Daroro wajen 1908 zuwa 1909, ya rubuta tatsuniyoyi daga bakin Hausawa, ya fitar da guda 100 da Turanci a Landan a 1913. Dodo na ciki, gizo na ciki. Masu ba shi labarin yawanci ƙananan mutane ne, sojoji da barori, nesa da garuruwansu kamar kakanninmu da fatauci ya kawo nan.

Mu da muke zaune a Fadan Kagoma sai mu lura da wani abu. A tatsuniya, Dodo baƙo ne, yana can bayan gari. Da Hausawa suka iso kudancin Kaduna suka tarar da al'adar kakanni ta mutanen ƙasar, wadda ake ɓoye wa mata da yara, sai suka kira ta dodo, alhali kowace ƙabila tana da nata sunan. Atyap suna cewa Abwoi. Sunan abin tsoronmu muka liƙa wa abin girmamawar maƙwabci. Kuma a nan, mu ne muka zo daga wani wuri.

Ina ganin duk matashin da zai rubuta labarin ban tsoro a garin nan, daga wannan kalmar ya kamata ya fara, ba daga tsohon gidan Ingila ba. Ƙannena dai aljanun fim suka sani, ko ɗaya bai iya kawo tatsuniyar Dodo daga farko zuwa ƙarshe.