Yadda Aka Koyi Ciyar da Mayunwaci

A Nuwamban 1944, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minnesota ta Amurka. Sun ƙi ɗaukar bindiga, amma sun yarda su sha yunwa don ilimi. Makonni 24 ana ba su kusan rabin abincinsu, dankali da kabeji da burodi, har suka zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Wasu sun koma lasar faranti da tara littattafan girki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan yunwar. Makonni 12 ana ƙara musu abinci sannu-sannu, ƙoshi ya ƙi zuwa. Da aka sakar musu mara, wasu suka yi ta ci har da amai, kitse kuma ya riga tsoka dawowa.

A sansanin fursunoni na Bergen-Belsen kuwa, a Afrilun 1945, abincin sojojin Birtaniya ya yi ajalin wasu fursunonin da aka ceto. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka ɗura masa abinci lokaci guda, sinadarin fosfet na jininsa yakan faɗi, zuciya ta gaza. Shi ya sa a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Katsina ake fara wa yaro da madara mai sauƙi ta F-75 kafin mai ƙarfi ta F-100.