Malami Da Sarki: Taƙaitaccen Tarihin Kujerar Babban Mufti

 

Da sakataren ƙungiya ya matsa mini in kawo rubutu, sai na tuna wata rana muna aji huɗu, an dawo daga tara, malaminmu na Tarihi, Allah ya jiƙansa, ya shigo ya ajiye alli ya ce, "Sarki yana da dogarai, alƙali yana da gidan yari. To, mai ba da fatawa me yake da shi?" Aka yi tsit. Can wani daga kujerun baya ya ce, "Littafi, Malam." Muka fashe da dariya. Malam ya ce ko ɗan kasuwa ma yana iya sayen littafi, mu je mu nemo amsa. Waɗanda muke aji ɗaya za su tuna cewa har muka bar makaranta bai faɗa mana ba. Abin da ke biye shi ne ɗan abin da na tsinta a kan wannan tambaya cikin shekaru fiye da arba'in.

Da farko ya kamata mu bambance mufti da alƙali. Alƙali yana yanke hukunci tsakanin masu jayayya, hukuncinsa kuwa dole ne a bi shi. Shi mufti tambayarsa ake yi, ya faɗi abin da shari'a ta ce, amma ba shi da ikon tilasta wa kowa. Duk da haka, tun daga Bagadaza har Alƙahira, da wuya ka sami mai mulkin da bai so a ce babban malamin zamaninsa yana bayansa ba.

Magabata

A farkon zamani babu kujerar mufti da hukuma ke naɗawa. Jama'a ne da sauran malamai suke shaida cewa wane ya isa a tambaye shi. Imam Abu Hanifa da cinikin tufafi yake ci da kansa. Halifa Mansur ya nemi ya karɓi alƙalanci ya ƙi, aka tsare shi, ya rasu a Bagadaza a shekarar 767. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a nan, gwamnan Madina ya sa aka yi masa bulala, saboda ya ce sakin wanda aka tilasta bai auku ba, mutane kuwa suka fahimci cewa ashe mubaya'ar da aka karɓa da ƙarfin tuwo ita ma ba ta ɗaure kowa ba.

Amma kada a ɗauka duk malamin kirki gudun muƙami yake yi. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, ya karɓa, har ya zama na farko da aka kira Alƙalin Alƙalai a zamanin Haruna Rashid. Ya rubuta wa halifan Kitabul Kharaj a kan haraji, ya ja masa kunne a ciki kada masu karɓar haraji su zalunci manoma. Haka nan Sahnunu, mai Mudawwana, ya karɓi alƙalancin Ƙairawan a 848 yana da shekara fiye da saba'in, bayan an daɗe ana lallashinsa. Sharaɗin da ya kafa shi ne hukuncinsa zai hau kan kowa har dangin sarki, kuma bai karɓi albashi ba. Watau tun wancan lokaci hanya biyu ce, ko ka ƙi shiga fada, ko ka shiga amma ka riƙe bakinka a hannunka.

Shaihul Islam na Turkawa

Waɗanda suka mai da aikin mufti ya zama babbar kujerar hukuma su ne sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba. Muftin Istambul suke kira Shaihul Islam. A farkon ƙarni na 16 wanda ke kan kujerar shi ne Shaihu Ali, wanda ake wa laƙabi da Zambili, watau mai kwando, domin yakan zuro kwando ta tagar gidansa, mai tambaya ya sa takardarsa, a ja sama, amsa ta sauko. Ana ba da labari cewa ya tafi fada ba tare da an kira shi ba, ya hana Sarki Salim na Ɗaya kashe wasu ma'aikatan baitulmali da ya fusata da su.

Sai Abus Su'ud, wanda ya riƙe kujerar daga 1545 zuwa 1574, galibi a zamanin Sarki Sulaimanu. Shi ya yi aikin daidaita dokokin sarki a kan filaye da haraji da ƙa'idojin fiƙihu, ya kuma halatta a yi waƙafi da tsabar kuɗi. Daga baya naɗin manyan alƙalai da malaman makarantu ya koma hannun mai wannan kujera. A 1727 ma sai da Shaihul Islam ya ba da fatawa kafin Ibrahim Mutafarrika ya kafa injin buga littattafai a Istambul.

Ƙarfin kujerar ya kai har da fatawarta aka tuɓe sarakuna: Ibrahim a 1648, Salim na Uku a 1807, Abdul'aziz a 1876, da Abdulhamid na Biyu a 1909. Sai dai in an duba da kyau, sau da yawa soja da wazirai sun riga sun gama shawara, sa hannu kawai ake nema wurin malam. Kuma sarkin da ya naɗa shi yana iya sauke shi ran da ya ga dama. Murad na Huɗu bai tsaya ga saukewa ba, kashe muftinsa ya sa aka yi a 1634.

Ƙarshen abin ya zo a 1920, lokacin da sojojin Ingila da abokansu ke riƙe da Istambul. Shaihul Islam ya ba da fatawa cewa Mustafa Kamal da mutanensa 'yan tawaye ne, jininsu ya halatta. Nan da nan muftin Ankara, tare da muftai fiye da ɗari na garuruwa, suka mayar da martani cewa fatawar da aka bayar a ƙarƙashin bindigar abokan gaba ba ta da hukunci. Ka ji maganar Imam Malik ta sake dawowa bayan shekara fiye da dubu. Kujerar ta mutu tare da sarautar a 1922, sa'an nan a 1924 sabuwar gwamnati ta kafa hukumar kula da al'amuran addini da ake kira Diyanet, ta kuma ba wancan muftin na Ankara shugabancinta.

Zamanin Gwamnatoci

A Masar an kafa Darul Ifta a 1895. Shahararren wanda ya riƙe ta shi ne Muhammad Abduhu, daga 1899 zuwa 1905. A 1903 wani Musulmi daga Taransibal ta Afirka ta Kudu ya aiko masa da tambaya a kan sa hular Turawa da cin yankan Kirista, ya halatta, jaridun Alƙahira suka yi ca a kansa. Dokar Masar ta kuma tanadi cewa kafin kotu ta yanke hukuncin kisa sai an aika wa mufti takardun ya faɗi ra'ayinsa, ko da yake ra'ayin ba ya ɗaure kotu.

Babban canji ya zo a zamanin Jamal Abdunnasir. A shekarun 1950 gwamnati ta karɓe kula da dukiyar waƙafi, wadda da ita malamai ke dogara tun fil azal, sa'an nan dokar 1961 ta mai da Azhar ƙarƙashin hukuma, ta kuma ba shugaban ƙasa ikon naɗa Shaihunta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ba kullum ake askin ba. A 2017 Shugaba Sisi ya nemi a daina lissafa sakin baki sai wanda aka rubuta gaban hukuma, Majalisar Manyan Malaman Azhar ta zauna ta ce ba ta yarda ba.

A Saudiyya Shaihu Muhammad bin Ibrahim ne babban mufti har ya rasu a 1969. Sarki Faisal bai naɗa wani a gurbinsa ba, sai ya kafa Majalisar Manyan Malamai a 1971, kujerar kuwa ba ta dawo ba sai 1993 da aka ba Shaihu Bin Baz. Sau biyu gwamnati ta shiga tsaka mai wuya ta nemi malaman nan. Na farko a 1979, da 'yan bindiga suka mamaye Masallacin Harami, aka nemi izinin yaƙarsu a ciki. Na biyu a 1990, da Iraƙi ta mamaye Kuwait, aka nemi halatta zuwan sojojin Amurka. Duka biyun an bayar, amma ta biyun ta raba kan malamai da matasa, har wasu suka fara kiran manyan da suna malaman fada. A 2010 Sarki Abdullahi ya ba da doka cewa 'yan majalisar nan kaɗai ke da izinin ba da fatawa ga jama'a baki ɗaya.

A Tunisiya kuwa, a 1960 Shugaba Burgiba ya ce ma'aikata su ajiye azumin Ramadan, wai yaƙi da talauci jihadi ne. Ya nemi muftin ƙasa, Shaihu Abdul'aziz Ju'ait, ya goyi bayansa. Malam ya ƙi, aka sauke shi a wannan shekara, jama'a kuwa suka ci gaba da azuminsu.

Malaman Da Ba Su Da Kujera

Abin mamaki, fatawowin da suka fi girgiza masu mulki sun fito ne daga malaman da ba hukuma ta naɗa su ba. A 1890 Sarkin Iran ya sayar wa wani Bature ɗan Ingila ikon cinikin taba na ƙasar gaba ɗaya. A ƙarshen 1891 fatawa ta fito da sunan Mirza Hasan Shirazi, babban malamin Shi'a da ke zaune a Samarra ta Iraƙi, cewa a ƙaurace wa taba. Har matan gidan sarki suka daina sha, a farkon 1892 aka soke yarjejeniyar. Shi wannan malami daga hannun mabiyansa yake samun abin tafiyar da makarantarsa, ba daga baitulmalin sarki ba. Haka a Indonesiya, a watan Oktoba na 1945, Shaihu Hashim Ash'ari da malaman ƙungiyar Nahdatul Ulama suka ce kare ƙasa daga dawowar mulkin Holan wajibi ne, dubban almajirai suka fita yaƙin Surabaya a watan Nuwamba.

Mu ma nan gida tarihinmu bai rasa irin wannan ba. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya nemi Shaihu Magili ya rubuta masa yadda ake mulki bisa shari'a. Wajen 1788, a filin Idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya raba wa malamai dukiya, Shehu Usmanu ya ƙi karɓa, ya roƙi abubuwa biyar a maimakonta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. A zamanin 'yancin kai an yi kujerar Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya riƙe daga 1962 zuwa 1967. Amma gwamnatin tarayya ba ta naɗa mufti. Alherin haka shi ne ba wanda zai saye bakin malamai duka da kujera ɗaya. Illarsa kuwa duk mun gani, kowa ya sami lasifika ko wayar hannu ya zama mai fatawa.

Amsar Tambayar Malam

'Yan'uwa, ni ba malamin fiƙihu ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma ba a littafi na gama gane amsar nan ba. Wata shekara wani na gaba da ni a wurin aiki ya kawo mini takarda in sa hannu cewa an kammala wani aikin rijiyoyi, alhali na je da ƙafata na ga ba a kammala ba. Kwana biyu takardar tana kan teburina. Na tuna kuɗin makarantar yara, na tuna ƙarin girma da nake jira, a rana ta uku na sa hannu. Ba wanda ya kama ni, ƙarin girman ma ya zo. Amma ƙananan ma'aikata da a da suke zuwa neman shawarata suka ɗauke ƙafa, kuma daga ranar, in na ce abu bai dace ba, sai a yi murmushi a ce a ba ni kwana biyu.

A nan na gane abin da Malam yake nufi. Mai fatawa ba shi da dogari, ba shi da gidan yari. Abin da yake da shi kawai shi ne jama'a sun tabbata cewa zai iya cewa a'a. Saboda wannan ne sarki yake neman "i" ɗinsa, kuma ran da aka gane ba ya iya ƙi, yardarsa ba ta da sauran amfani ko ga sarkin kansa. Abu Hanifa ya ƙi kujera, Sahnunu ya karɓa, amma dukansu biyu sun rasu da wannan jari a hannunsu.

A cikinmu akwai alƙalai, da limamai, da likitoci, da masu binciken kuɗi, da waɗanda 'ya'yansu ke riƙe da irin waɗannan wurare yanzu. Kowannenmu akwai ranar da za a kawo masa takarda. Na faɗi tawa ne don na baya su ji, tun da an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya gafarta mana kurakuranmu, ya jiƙan malamanmu da suka rasu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya kuma kai mu taron baɗi, amin.