Bumi Manusia: Tarihin Littafin Soyayyar da Aka Haifa a Kurkuku

Bumi Manusia, wato "Duniyar Ɗan'adam", ƙagaggen labari ne na soyayya da tarihi wanda marubucin Indunusiya Pramoedya Ananta Toer (1925–2006) ya wallafa a 1980. Shi ne na farko cikin jerin littattafai huɗu da ake danganta su da tsibirin Buru, inda aka tsare marubucin. Bayan rikicin 1965 da ya share wa Janar Suharto hanyar mulki, sojoji sun kama Pramoedya bisa zargin alaƙa da 'yan gurguzu, aka lalata littattafansa da takardun tarihin da ya ɗau shekaru yana tarawa. Ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. A 1969 aka kai shi Buru aikin bauta, aka hana shi alƙalami da takarda. A 1973 ya riƙa ba abokan zamansa labarin da baki, da aka sassauta masa ya rubuta shi a 1975, aka saki Pramoedya a ƙarshen 1979.

Labarin ya soma ne a 1898 a Surabaya, tsibirin Java, ƙarƙashin mulkin Turawan Holan. Minke ɗan sarauta ne da ya samu gurbi a makarantar 'ya'yan Turawa, ya kamu da son Annelies Mellema. Sai dai ginshiƙin littafin uwar yarinyar ce, Nyai Ontosoroh. Sunanta na yanka Sanikem. Tana da shekara 14 ubanta, akawu a masana'antar sukari, ya miƙa ta ga Bature Herman Mellema a kan gilda 25 da alƙawarin ƙarin girma. "Nyai" lakabi ne na macen ƙasa da Bature ya ajiye zaman dadiro, ba sadaki ba shaidu. Ta koyi karatu da lissafi da harshen Holan, har ta zama ita ke juya gona da kiwon shanun gidan a Wonokromo, maigidan kuwa ya lalace a gidan karuwai, can ya mutu.

Abin da ya ɗaga littafin sama da takwarorinsa shi ne inda ya zaɓi ya nuna mulkin mallaka: a tsakar gida, wajen tambayar wace ce uwa, wane ne miji. Mellema ya amince da 'ya'ya biyu da Nyai ta haifa masa a hukumance, saboda haka doka ta lissafa su cikin Turawa, ta bar wadda ta haife su ba ta da iko a kansu ko na sisin kwabo. Da ya mutu, kotu a Amsterdam ta damƙa dukiyar da riƙon Annelies ga Maurits, ɗan da matarsa ta aure da ke Holan ta haifa masa. An riga an ɗaura auren Minke da Annelies bisa shari'ar Musulunci, malamai sun tsaya a kan ingancinsa, kotun Turawa ta ce ba ta san da shi ba. Ranar da za a tafi da ita Holan, Annelies ta zaɓi tsohon akwatin kwano, wanda uwarta ta shigo da shi ranar da aka sayar da ita, ta zuba kayanta ciki.

Akwai masu cewa soyayyar ta yi zaƙi da yawa, Annelies kuma ba ta da kataɓus, daga kuka sai jinya. Da gaskiyarsu, domin ita ce mafi rauni cikin taurarin littafin, kuma yadda aka zana Ah Tjong, Basine mai gidan karuwai, bai tsira daga son zuciya ba. Amma raunin Annelies yana da aiki a labarin: yarinya ce da aka cire daga makaranta, ta tashi a gidan da jama'a ke ƙyama, ba ta shiga cikin Turawa ba, ba ta koma cikin 'yan ƙasa ba. Wasu kuma suna tambaya ko za a kira shi tarihi, tunda an tsara shi daga ka, babu takarda ko ɗaya a hannu. An gina Minke ne a kan Tirto Adhi Soerjo, wanda ya kafa jaridar Medan Prijaji a 1907, amma rayuwar auren da aka ba shi ƙirƙira ce. Wannan bai rushe hujjar littafin ba, don ajiye nyai da raba jama'a gida-gida a gaban doka, Turawa daban 'yan ƙasa daban, abubuwa ne tabbatattu a tarihin ƙasar.

Kamfanin Hasta Mitra, na tsofaffin fursunonin siyasa, shi ya buga littafin, aka yi ta rububinsa. A 1981 Babban Lauyan Gwamnati ya haramta shi da zargin yaɗa aƙidar gurguzu a ɓoye, duk da cewa labarin ya ƙare tun kafin a kafa jam'iyyar gurguzu a ƙasar. Max Lane, ma'aikacin ofishin jakadancin Ostireliya da ya fassara shi zuwa Turanci, sai da aka mayar da shi gida. Littafin bai dawo kasuwa a sarari ba sai bayan faɗuwar Suharto a 1998. A watan Agustan 2019, shekara 13 bayan rasuwar marubucin, aka haska fim ɗinsa, wanda Hanung Bramantyo ya ba da umarni, a sinimomin Indunusiya.