Zambar Dannawa A Tallace-Tallacen Intanet: Yadda Ake Gane Ta Da Matakan Kariya

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Tarauni na ɗaya daga cikin yankunan da harkokin kasuwanci suka fi bunƙasa a birnin Kano. A cikinta ne kasuwar wayoyin hannu ta Farm Centre take, haka kuma daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku, a gefen titin Zariya da kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai shagunan magunguna da ɗakunan gwaje-gwaje da makarantu masu zaman kansu da shagunan ɗinki da na sayar da abinci. Da yawa daga cikin masu waɗannan sana'o'i sun fara biyan kuɗi domin a nuna tallansu a Google da Facebook da Instagram da makamantansu, baya ga tallan rediyo da allunan bakin titi da aka saba da su.

Mun shirya wannan bayani ne domin wayar da kan 'yan kasuwa da matasa a kan wata hanyar ha'inci da ke tattare da irin wannan talla, wadda ake kira zambar dannawa. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, yawan dannawa ba shi ne yawan ciniki ba, don haka duk mai talla ya kamata ya riƙa auna tallansa da abin da ya shigo shago, kafin ya ƙara zuba kuɗi.

Yadda Wannan Talla Yake Aiki

A tsarin biya gwargwadon dannawa, mai talla yana biyan kuɗi ne a duk lokacin da wani ya danna tallansa. Kamfanin GoTo.com na Amurka ne ya shahara da fara wannan tsari a shekarar 1998, daga baya ya koma Overture, kamfanin Yahoo kuma ya saye shi a 2003. Google ya ƙaddamar da AdWords a shekarar 2000, ya koma tsarin biya gwargwadon dannawa a 2002, sannan a 2018 aka sauya masa suna zuwa Google Ads.

Ɓangarori uku ne ke cikin harkar. Akwai mai talla wanda ke biya, akwai kamfanin da ke dillancin tallan, akwai kuma mai shafin intanet ko manhajar waya da ake nuna tallan a kansa, wanda ke samun kasonsa tamkar la'ada. Ana tsayar da farashin kowace dannawa ta hanyar gwanjo tsakanin masu talla, kuma kowannensu yana ƙayyade abin da zai iya kashewa a rana. Da zarar kuɗin ranar ya ƙare, sai a daina nuna tallansa.

Mece Ce Zambar Dannawa?

Zambar dannawa ita ce mutum ko manhajar kwamfuta ta riƙa danna talla da gangan, ba tare da niyyar saye ko neman bayani ba, domin a cinye kuɗin mai talla ko a ƙara wa mai shafi kaso. Ta yi kama da mutum ya ɗauki yaro ya raba masa takardun talla guda 1,000 a kasuwar Tarauni, yaron ya zubar da su a kwata, ya dawo ya karɓi ladansa cikakke.

Bari mu kawo misali da lissafi. A ɗauka wani mai shagon waya ya ware Naira 50,000, kowace dannawa kuma ta kama Naira 100, wato zai samu dannawa 500. Idan 200 daga ciki na bogi ne, ya yi asarar Naira 20,000, kuma kowace dannawa ta gaskiya ta tsaya masa a kan kusan Naira 167. Bugu da ƙari, idan aka cinye kuɗin ranar tun da hantsi, mai saye na gaskiya da zai nemi waya da yamma ba zai ga tallan ba, sai na wani.

Ya kamata a bambanta wannan da dannawar kuskure, kamar yadda yatsa kan taɓa talla a ƙaramin allon waya ko yaro ya danna a tsakiyar wasa. Ita ma asara ce ga mai talla, amma babu niyyar cuta a cikinta.

Su Wa Ke Aikata Ta?

Rukuni na farko su ne abokan hamayya a kasuwanci, waɗanda ke danna tallan maƙwabci don kuɗinsa ya ƙare da wuri. Na biyu su ne masu shafuka da manhajoji da ke danna tallan da ke kan shafinsu, ko su roƙi abokai a zaurukan WhatsApp su taya su. Na uku su ne gonakin dannawa, wato ɗakunan da ake jera ɗaruruwan wayoyi a ɗauki mutane aiki suna dannawa dare da rana. Na huɗu, waɗanda suka fi kowa ɓarna, su ne masu cusa muguwar manhaja a cikin kwamfutoci da wayoyin jama'a, na'urar ta riƙa danna talla a ɓoye ba tare da sanin mai ita ba. Har ila yau akwai 'yan tsakani marasa amana, waɗanda ke karɓar kuɗin ɗan kasuwa da sunan za su kula masa da talla, su sayo masa dannawa da mabiya na bogi, su kawo masa hoton alƙaluma a matsayin shaida.

Wasu Shari'o'i Da Aka Yi

Matsalar ta daɗe, kuma ta kai gaban kotuna. A shekarar 2006 Google ya amince da sulhu na Dala miliyan 90 a wata ƙara da kamfanin Lane's Gifts and Collectibles ya jagoranta a jihar Arkansas ta Amurka, inda masu talla suka yi ƙorafin an caje su kuɗin dannawar bogi. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta sanar da kama wasu mutum 6 'yan ƙasar Istoniya, waɗanda muguwar manhajarsu ta shiga kwamfutoci fiye da miliyan 4 a ƙasashe sama da 100, suka tara aƙalla Dala miliyan 14.

A watan Yuni na 2017 'yan sandan ƙasar Tailan sun kama wasu 'yan Sin su 3 a wani gida kusa da iyakar Kambodiya, tare da wayoyi kusan 500 da layukan waya sama da 300,000 da ake amfani da su wajen ƙara farin jinin kayayyaki na ƙarya a WeChat. A Nuwamban 2018 kuma Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi mutum 8 a kan shirye-shiryen zamba da aka sani da Methbot da 3ve, wanda na biyun ya mamaye kwamfutoci kimanin miliyan 1.7. Ɗaya daga cikinsu, Aleksandr Zhukov ɗan ƙasar Rasha, an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 10 a 2021.

Darasin da ke cikin waɗannan shari'o'i shi ne, manhajar zamba ba ta tantance babban kamfani da ƙaramin shago. Tallan mai ɗinki a Gyadi-Gyadi yana shiga gwanjo ɗaya da na kowa, ana kuma iya danna shi daga kowace ƙasa.

Alamomin Da Ake Gane Ta Da Su

Kamfanonin talla suna da na'urorin tace dannawar bogi, suna kuma cire kuɗin abin da suka gano, sai dai ba duka suke kamawa ba. Saboda haka muna ba masu talla shawarar su riƙa duba rahoton tallansu aƙalla sau ɗaya a mako, suna lura da waɗannan abubuwa:

1. Dannawa ta ƙaru kwatsam, amma kiran waya da saƙonni da masu zuwa shago ba su ƙaru ba.
2. Kuɗin rana yana ƙarewa cikin sa'a ɗaya ko biyu, ko kuma dannawa ta yi yawa a tsakar dare lokacin da masu saye ke barci.
3. Dannawa na zuwa daga garuruwa ko ƙasashen da ba a kai musu kaya.
4. Masu shiga shafin suna fita cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da sun buɗe komai ba.
5. Lambar IP ɗaya, wato adireshin da na'ura ke shiga intanet da shi, tana maimaituwa sau da yawa a jere.
6. Mafi yawan dannawar daga wata manhajar wasa ko wani shafi guda take fitowa, wanda bai da alaƙa da kayan da ake tallatawa.
7. Ana cike takardar neman bayani da sunayen ƙarya da lambobin wayar da ba sa shiga.

A nan akwai buƙatar hattara. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, domin kamfanonin sadarwa kan haɗa dubban masu waya a kan lambar IP guda, kuma talla na iya rasa ciniki saboda tsadar kaya ko rashin amsa saƙo da wuri. Sai alamomi biyu ko uku sun haɗu sannan zargi ke yin ƙarfi, kuma ko da sun haɗu, bai dace a ɗora wa maƙwabci laifi ba tare da shaida ba.

Matakan Kariya

Mataki na farko shi ne taƙaita yankin da tallan zai kai. Mai shagon da abokan cinikinsa ke Tarauni da Hotoro da Darmanawa da Unguwa Uku ba ya buƙatar a nuna tallansa a duk faɗin Nijeriya. A Google Ads ana iya zaɓar a nuna shi ga waɗanda ke cikin yankin kawai, a bar waɗanda suka nuna sha'awar yankin daga nesa.

Na biyu, a ƙayyade lokacin talla zuwa sa'o'in da shago ke buɗe, a kuma fara da ƙaramin kuɗi na mako ɗaya ko biyu kafin a ƙara. Na uku, a buɗe ginshiƙin da ke nuna dannawar da kamfani ya soke, a duba jerin shafuka da manhajojin da tallan ya fito a kansu, a toshe waɗanda ba a yarda da su ba. Google Ads yana ba da damar toshe lambobin IP har 500 a kowane shirin talla. A Facebook da Instagram kuwa, a bambanta jimillar dannawa da adadin waɗanda suka isa shafin da gaske, domin na farkon ya haɗa har da wanda ya taɓa hoto kawai.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a ajiye littafi a shago. A ware lambar waya guda domin talla kaɗai, ko a sanya wata kalma da mai saye zai ambata ya samu ragi, a kuma riƙa tambayar kowane sabon abokin ciniki inda ya ji labarin shagon. A ƙarshen wata a raba kuɗin da aka kashe da adadin waɗanda suka saya. Wannan lissafi shi ne zai nuna ko tallan ya biya kuɗinsa.

Na biyar, wanda zai ba ɗan tsakani aikin talla ya tabbata an buɗe asusun da sunan kasuwancinsa, shi ma yana iya shiga ya gani da idonsa, a kuma yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. Duk wanda ya yi alkawarin dubban dannawa a kan kuɗi kaɗan, a guje shi. Idan an ga alamun zamba, a dakatar da tallan, a adana hotunan rahoto da ranaku da rasitai, a kai ƙorafi ga kamfanin cikin gaggawa, domin binciken yana da wa'adi.

Matsayin Doka Da Addini

Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta shekarar 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukuncin ɗauri da tara a kan zamba ta hanyar kwamfuta a Sashe na 14. Wanda aka damfara yana iya kai ƙara ga rundunar 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke Kano. Harkar talla ita kanta tana ƙarƙashin kulawar hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022.

A ɓangaren addini, malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana haramcin algus da kuma najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba don kawai farashi ya tashi a kan wani. Mai danna talla domin ya cinye kuɗin ɗan'uwansa bai yi nisa da wannan ba.

Kira Ga Matasa

Muna jan hankalin matasanmu game da shafukan da ke alkawarin biyan kuɗi ga wanda ya danna talla ko ya kalli bidiyo. Da yawansu sukan nemi kuɗin rajista, su biya na farko da kuɗin na baya, daga bisani su rufe. Masu shafuka kuma su sani cewa ƙa'idar AdSense ta hana mutum danna tallan shafinsa ko roƙon wasu su danna, kuma wanda aka kama ana iya rufe asusunsa a riƙe abin da ya tara. Haka nan, tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka wanda ya ba da aron layinsa ko ya sayar, sunansa ne zai fito idan bincike ya taso. A kuma guji sauke manhajoji daga wuraren da ba a sani ba, musamman idan waya ta fara zafi tana cinye data da caji ba gaira ba dalili.

Kammalawa

Tallan intanet hanya ce mai amfani ga ƙananan 'yan kasuwa matuƙar an sa ido a kansa. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Farm Centre da Tarauni da Gyadi-Gyadi da su isar da wannan bayani ga mambobinsu a tarukansu, musamman waɗanda suka damƙa harkar talla a hannun yaran shago. Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu daga cin haram, amin.