Hisabi da Tsarin Yini a Tarihin Malaman Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, fiƙihu ya riga ya shigar da ilimin hisabi zaurukan malaman ƙasar Hausa, domin yawancin ibadu suna tafiya ne da ƙidaya. Ladani kan auna inuwa da tafin ƙafa, ya san La'asar ta shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali. Da wannan awo aka tsara yinin almajiri: tashi da asuba, karatu da hantsi, ƙailula da rana, kwanciya bayan Lisha. Tsari ne da ya kiyaye lafiyar jiki da kaifin hadda.

Haka abin yake a dukiya. A masarautar Gumel, daga gonakin geron Ɗanzomo zuwa karar dabbobi ta Maigatari, tambayar da ake kai wa malami ta lissafi ce: tunkiya ɗaya a cikin 40, ɗan maraƙi a shanu 30, ushiri a hatsin damina idan ya kai wusƙi 5. A rabon gado, idan mace ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, rabi da sulusi biyu sun zarce dukiyar, sai a yi auli, asalin mas'ala ya tashi daga 6 zuwa 7. Kuskure a nan cin haƙƙin magada ne. Shi ya sa Alkawarizmi, a Bagadaza wajen shekarar 820, ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara ga wasiyya da gado.

Wanda ya fi shahara da fannin a wannan ƙasa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya bar Katsina ya yi aikin Hajji, a 1732 ya rubuta littafi kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, irin mai gida 9 wanda kowane layinsa ke ba da 15. Malamai sun yi saɓani kan amfani da hatimi, amma ƙa'idojin lissafinsa suna nan daram. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin Masar.

Ɗalibin shari'a da ke gudun lissafi a yau ya bar gadon magabatansa, kuma ranar da aka kawo masa rabon gado, marayu ne za su biya kuɗin wannan sakaci. Allah ne mafi sani.