Yadda Aikin Riga Ya Koma Hannun Mata a Birnin Zazzau

A zamanin Daular Usmaniyya aikin babbar riga sana'ar maza ce, galibi malamai da almajiransu. Wani ne kan zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, wani kuma ya bi zanen da allura da zaren tsamiya, wani lokaci har tsawon watanni. Irin wannan riga ce sarki kan sa wa hakimi ranar naɗi. Rabon mata kuwa shi ne kaɗi, wato samar wa masaƙa zare.

Buɗe masaƙar zamani a Kaduna cikin 1957, da waɗanda suka biyo bayanta, ya karya kasuwar zaren hannu, aka jingine mazari. Matan birnin Zazzau, waɗanda da yawansu ke cikin kulle, sai suka kama ɗinkin hula. Daga shekarun 1970 suka shiga aikin riga kanta, domin kuɗin man fetur ya yawaita masu saye, samari kuma sun karkata ga boko da aikin albashi da keken ɗinki. Ba don waɗannan mata ba, da wuya aikin hannu ya tsira.

Sai dai zane da kai riga kasuwa sun fi zama a hannun maza, don haka ladan mai ɗinki bai kai wahalarta ba. A shekarun 1990 wasu daga cikinsu suka haɗa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina, suka ɗora tsofaffin zane-zanen a kan jakunkuna da rigunan matashi, suna sayarwa har ƙasashen waje.